Karan Da Na Binne A Kwalbar Turare

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kafin in fara, alfarma ɗaya nake roƙo: duk wadda ta ji bakinta na ƙaiƙayin zagina, ta daure ta kai ƙarshen rubutun nan tukuna. In ta kai ƙarshe tana nan a kan bakanta, to bismilla, ni ma na zagi kaina ya fi a ƙirga.

Sunana Balkisa, shekarata ashirin da biyar, ungozoma ce ni a wata ƴar ƙaramar likita a nan cikin Gure. A gidanmu ba mai kama sunan nan, don sunan Hajja ne, mahaifiyar Baba, wadda ta raine ni tun rasuwar innata. Ita takwara take ce min, Baba kuwa tun da na buɗe ido Uwata yake kirana. Duk unguwa an san ni da dogon hijabi da durƙusa wa manya har ƙasa. Abin da ba a sani ba shi ne na yi shekara uku ina shan sigari.

A Damagaram na koya, lokacin da muke istaj, wato koyon aiki, a ɗakin haihuwa. Wata abokiyar karatuna ce ta miƙo min kara ɗaya bayan wata haihuwa mai wuya, ta ce zai kore min ƙarnin da ya maƙale a hancina. Ya kore kuwa, sai dai shi ya samu wurin zama. Da na dawo Gure ban rasa dabara ba. Saye sai in na je Damagaram, inda ba a san ƴar wa ce ni ba. A bayan likitarmu kuma akwai ramin da ake ƙona shara, kullum cikin hayaƙi yake, can nake laɓewa bayan azahar. In na gama in tauna kanumfari, in canza hijabi, in na iso gida in tsuguna a kan kaskon Hajja. Sana'ar Hajja ke nan, turaren wuta, wanda mutanenmu ke kira ka'aji, har daga Diffa ake aikowa a saya. A gidan da ko kaji ƙamshi suke yi, wa zai tsaya shinshina ta?

Shi kuwa Fadilu, wanda nake fatan aure, mushe ne, wato malamin makaranta, a wata lakwal a Gidigir. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana, in yana ba ka labarin gobara sai ka ɗauka labarin shukar gero yake. Shi ma yana sha, amma shi namiji ne, a bakin tasha yake kunna abinsa kowa na gani. Ranar da manyansa suka zo nema masa izini, Baba ya karɓe su da mutunci, ya ce ya yi bincike bai samu aibin yaron ba sai guda ɗaya. Ya ce ba zai ba mashayin sigari ƴarsa ba. In Fadilu ya yi shekara cur bai kai ta bakinsa ba, su dawo a sa rana. In ya sha ko kara ɗaya ne, kowa ya kama gabansa, ba faɗa ba gaba.

Kada ku ga tsaurin Baba. Ƙaninsa namiji ɗaya ne tak, Baba Mamadu, direban kamyo mai ɗaukar kanwa, kuma a hannun Baba ya cika bayan wata bakwai yana tari. Ina ƴar shekara tara lokacin, amma har yau ina ganinsa zaune a gindin itacen bedin ƙofar gidanmu. In ya zaro kara, sai ya buga gindinsa sau biyu a kan farcen babban yatsansa, tak tak, sannan ya kai baki. Ranar da na fara sha a Damagaram haka hannuna ya yi da kansa, ba wanda ya koya min.

Ina bayan ƙyauren zaure na ji sharaɗin Baba, kuma a ranar na bari. Ban gaya wa kowa ba, har Fadilu. Kunya ce ta kama ni, a ce an ɗora wa bawan Allah shekara guda saboda ni, ni kuma ina bayan likita ina busa hayaƙi. Kara huɗu suka rage min a kwali. Na jefa uku a masai, na huɗun hannuna ya ƙi sakinsa. Na naɗe shi a ƴar leda, na ɗauko kwalbar turaren da Hajja ta ba ni, irin manyan kwalaben mayonez ɗin nan, na tona tsakiya na binne shi. Na murɗa murfin na tura ta can ƙarƙashin gado.

Mutane suna zaton in ka yi wata biyu da bari shi ke nan an rabu. Ba haka ba ne. Ciwon kai da saurin fushi na makonnin farko duk sun wuce, amma kwaɗayin bai tafi ba, ladabi kawai ya koya. Yanzu ba kullum yake zuwa ba, sai ya bari na manta da shi. In na ci shinkafa da wake da yaji na ƙoshi, sai in ji shi a maƙogwarona. In an ƙyasta alimeti kusa da ni, ko haihuwa ta zo da gardama muka samu uwa da ɗa lafiya, sai in ji ƙafata na son bin hanyar ramin shara. Abin da na gane shi ne ba ya daɗewa. In na daure minti biyar ko goma, zai tashi ya tafi da kansa. Don haka na tanadi abin tarbarsa. Ina shan ruwan randa a hankali, ina yin alwala ko da ina da ita, ina goga aswaki har dasashina ya yi zafi. Wanda ya fi yi min aiki shi ne ƙaro. Hajja ba ta rabuwa da shi a ƙulle a bakin zanenta, tun ina yarinya nake ganin tana tsotsa, ni ma sai na fara ɗan sata ina jefawa a baki. Kafin ƙwaya ɗaya ta narke abin ya wuce.

Ran da duk waɗannan suka gaza, sai in rufe ɗaki in jawo kwalbar. Ba na tono shi. Hannu kawai nake ɗorawa a kan murfin, in ce wa kaina yana nan, ba wanda ya hana ni, amma ba yau ba. Na san an ce kada a ajiye, ni da bakina na sha gaya wa mazajen matan da ke zuwa awo haka. Amma ni sanin yana nan ne yake kwantar min da hankali.

Fadilu kuwa ni ce likitarsa. In abin ya taso masa sai ya turo saƙo. Na tuna wata Talata da safe ya rubuto:

"Madam, an fita hutun ƙarfe goma, mushe Zubair ya kunna a bayan aji, iska ta kawo min. Abin ya taso min."

Na ce ya bar wurin, ya sha ruwa, ya duba agogo ya ba shi minti bakwai. Na ce kada ya yi kokawa da shi, ya bar shi ya zo ya wuce, kuma ya samo wa yatsunsa abin riƙewa ko alli ne, don rabin kwaɗayin a hannu yake ba a ƙirji ba. Can sai ya dawo:

"Ya wuce. Wai ke ya aka yi kika san abin nan haka? Sai ka ce kin taɓa shiga jikina."

"A lakwal aka koya mana," na rubuta, ina tsotsar ƙaro, biro na maƙale a tsakanin yatsuna biyu.

Allah Ya yafe min, sau da yawa na yi niyyar gaya masa. Kullum sai in ce bari a sa rana tukuna.

To ga abin da ya faru a makon nan. Fadilu yakan shigo Gure ran Juma'a da yamma ya koma Lahadi. A wajenmu kuwa, mai neman aure a gida in yana da moto, wato babur, ya zama motar saƙo ke nan. Ba ya fita gidanmu hannu sake. Yau ƙullin kuka, wani makon dabino, duk a kai wa Gwaggo Kaltumi, ƙanwar Baba da ke aure a Gidigir. Ran Lahadin da ta wuce ya zo sallama da hantsi, ni kuma an kira ni likita, wata mai cikin fari ta zo da naƙuda. Ban dawo ba sai la'asar, a gajiye liƙis.

Sai ran Litinin bayan na ci abincin rana abin ya taso min da ƙarfi. Ruwa bai yi ba, ƙaro bai yi ba. Na rufe ɗaki na durƙusa na miƙa hannu ƙarƙashin gado. Na taɓo tsohon takalmi, na taɓo akwati, ban taɓo kwalba ba.

Na fito na samu Hajja a rumfa tana tsince itacen sandal a faifai. Na daidaita murya na tambaye ta ko ta ga kwalbata. Ko kai ba ta ɗago ba ta ce ƴar Gwaggo Kaltumi ta haihu, suna ran Alhamis, kuma ba a sa wa ɗakin mai jego ɗanyen turare. Wanda ta haɗa a watan nan bai tsumu ba, sai ta tuna da nawa da ya kusa shekara a rufe.

"Turare sai ya daɗe a rufe yake daɗi, takwara. Ke kin ajiye shi sai ka ce kayan gado. Na ba angona ya kai, in sabo ya yi na cika maki biyu."

Haka take kiran Fadilu, angonta, wai ni riƙon ƙwarya nake yi mata. Kullum in ta faɗa ina ramawa, ran nan to kawai na ce. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado. Na kira Fadilu na tambaye shi saƙon Hajja, ya ce ai tun jiya ya miƙa, har Gwaggo ta dama masa fura. Na buɗe baki in ce ya koma ya karɓo, sai na rasa dalilin da zan ba shi. Na ce masa madalla.

Kwana uku na yi ina lallashin kaina. Na ce kwalbar babba ce, daga sama za a riƙa ɗiba, kafin a kai tsakiya na je barka da kaina na san dabarar da na yi. Na manta halin Gwaggo. Gwaggo Kaltumi ba ta ɗibar turare da cokali ranar taro, juye shi take a faranti don matan Gidigir su gani su san gidan da ta fito. Ran Alhamis, ɗaki cike da mata, ta juye kwalbar, ƴar leda ta faɗo a kai. Ta zaci wani sirri ne na mai jego Hajja ta sako, ta kwance a gaban kowa.

Ran Juma'a da hantsi sai ga ta a Gure, ko gajiyar suna ba ta sauke ba, da karan a ƙulle a bakin mayafinta. Hujjarta ba ta da wuyar bi. Kwalba ta fito daga hannun Hajja, tsohuwa mai carbi, ta iso hannunta ita. A tsakani hannu ɗaya ta bi, na mutumin da duk duniya ta san shi da sigari. Ta ce ɓoyewa ya yi don kada a ji warin a aljihunsa in ya tsaya gaida mutane, ya yi niyyar cirewa a hanya ya manta. Ina tsaye ina zuba mata ruwa take wannan bayani. Har an faɗa cewa daga ƙarƙashin gadona aka ɗauko kwalbar, amma ko kallona ba wanda ya yi. Gwaggo ma dafa ni ta yi ta ce in yi haƙuri, Allah ne Ya so ni da Ya tona shi tun kafin a ɗaura. Hajja ce kaɗai ta yi shiru, abin da ba halinta ba.

Baba bai ɗaga murya ba, dama ba ya yi. Ya karɓi karan ya sa a aljihun gaba, ya kira Fadilu a waya ya ce yana son ganinsa gobe da hantsi. A ranar saura kwana ashirin da biyu shekara ta cika.

Bayan la'asar saƙon Fadilu ya shigo:

"Na iso Gure lahiya. Labari ya riga ni, tun jiya matan Gidigir ke nuna ni da baki."

Na rubuta na goge ya fi sau biyar. Kafin in tura komai wani ya biyo:

"Tun ranar da Hajja ta ba ni kwalbar ta gaya min daga ɗakin wa ta ɗauko. Ban tambaye ki komai ba, kuma ba zan tambaya ba. Gobe ki yi zamanki a ɗaki."

Ina kallon wayar hawaye na ɗiga a kai, sai ga na uku:

"Ki sha ruwa. Minti bakwai ne."

Ba zan yi maku ƙarya ba, na so in yi shiru. Na ce namiji da sigari ba abin mamaki ba ne, iyakaci a yi ta maganarsa mako biyu a manta. Wataƙila ma Baba ya huce ya ƙara masa wata shekarar. Ni kuwa in ta fito, wace mace ce a Gure za ta yarda in karɓi haihuwarta ba tare da ta kalli leɓena ba? Da wane ido zan kalli Baba? Na jera wa kaina dalilai masu kyau, kowanne da gaskiyarsa, kuma duk da haka na kasa cin tuwon dare.

Jiya Asabar da hantsi ya zo. Na hango shi ta kafar ƙyaure, cikin shaddarsa ruwan sararin samaniya wadda ya ɗinka don ranar sa rana, an goge ta har tana ɗaukar ido. Ya cire takalmi tun daga waje ya durƙusa a bakin tabarma. Baba na kan buzunsa, Gwaggo ta zauna a gefen ƙofar cikin gida. Ni kuma ina inda na tsaya wata goma sha ɗaya da suka wuce, da tiren ruwa a hannu, cikin tsohuwar atamfata ta aikin gida da hijabi ruwan ƙasa.

Bayan gaisuwa Baba ya zaro karan ya ajiye a tsakiyar tabarma. Rabon da in gan shi kurkusa haka tun ranar da na binne shi. Man turare ya ratsa ledar ya rina shi, ya koma launin zuma, daga inda nake ina jin ƙamshin sandal a jikinsa.

"Fadilu, tsakaninka da Allah, ka sha ko ba ka sha ba?"

"Ban sha ba, Baba. Tun ranar da kuka faɗa ban kai ta bakina ba."

"To wannan na wane ne?"

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Baba, a kan wannan ba ni da abin cewa."

Gwaggo ta ce ai magana ta ƙare. Baba ya yi ajiyar zuciya ya ce da ya amsa laifinsa da ya fi masa sauƙi, don ya san abin nan ba a rabuwa da shi da daɗi, ya gani a gidansa. Amma mutumin da zai kama sunan Allah kuma ya ɓoye, ba zai iya damƙa masa amana ba. Ya ce ya gaida manyansa, ya ce masu an gode da zumunci. Duk ɗan Gure ya san abin da wannan gaisuwar take nufi. Fadilu ya ce to, ya fara jawo jiki baya zai tashi.

Ban san na tura ƙyauren ba sai da na ji ƙararsa. Na ajiye tiren na durƙusa a gaban Baba.

"Baba, nawa ne."

Gwaggo ta yi salati ta ce a zo a ga abin da so ke sa yaran yanzu, yarinyar da ko goro ba ta ci. Baba ya yi wani ɗan murmushi mai ban tausayi.

"Uwata, tashi ki koma ciki. Ba a ɗaukar laifin wani don ana sonsa."

Na ce wallahi nawa ne. Na faɗi Damagaram, na faɗi ramin shara, na faɗi kanumfari da hijabi biyu da nake tafiya da su aiki. Ina ƙara bayani suna ƙara ƙin yarda. Gwaggo ta ce a waya ya kitsa min, ai jiya ta ga ina kuka a kanta. Fadilu kuma ya ƙara ɓata lamarin, ya ce Baba kada ku saurare ta. Na rasa yadda zan yi. Shekara uku ina wahalar ɓoyewa, ashe na iya ɓoyon har ya fi ƙarfina.

Ni dama in hankalina ya tashi hannuna abin riƙewa yake nema. Karan yana nan kusa da gwiwata. Wallahi ban san lokacin da na ɗauke shi ba. Ina cikin magana, ina rantsuwa, sai na ji tak tak a kan farcen babban yatsana, ya zame ya zauna a tsakanin yatsuna biyu, daidai wurinsa.

Ƙarar ba ta kai ta faɗuwar tsakuwa ba, amma Baba ya ji. Murmushin ya bar fuskarsa. Bai kalli idona ba, hannuna yake kallo. Gwaggo ma ta gani, ita ma Baba Mamadu ɗan'uwanta ne, ta ja mayafi ta rufe bakinta.

"Wata nawa?" in ji Baba, da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Sha ɗaya da kwana tara, Baba. Rana ɗaya muka bari da shi."

Ya juya wajen Fadilu ya ce ya zalunce shi, ya roƙe shi ya yafe masa. Ya ce wa Gwaggo ta koma ta wanke yaron a gaban matan da ta ɓata shi, sauran maganar kuma ta bar ta a zauren nan. Sannan ya tambayi Fadilu ko bayan abin da ya ji yana nan a kan nemansa.

"Tun Alhamis na sani, Baba, kuma ga ni na zo."

Baba ya gyaɗa kai. Sannan ya waiwayo gare ni.

"Ke."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin ya kira ni haka ba. Da mari ya yi min da ya fi min sauƙi.

"Shi na sa wa ido. Duk wanda ya fito daga Gidigir sai na tambaye shi. Ke ba ni da shaida sai bakinki, bakin nan kuma shekara uku yana ɓoye min. Ki tafi da shi ɗakinki, ba kwalba, ba leda. Ranar da shekara ta cika ki kawo min shi yadda yake, in karya shi da hannuna, sannan a sa rana. In ya ragu ko ya ɓace, kin ba ni amsa."

Ya tashi ya sa takalmi ya fita, ko ruwan da na kawo bai sha ba.

Na koma ɗaki na ajiye karan a bakin taga na zauna ina kallonsa. Bayan azahar Hajja ta shigo da kasko kamar yadda take yi kullum, garwashi jajir a ciki. Ta kalli taga, ta kalli kaskon, ta juya ta kai shi can rumfa ta dawo hannu sake. Ta zauna kusa da ni da ƙyar, tana dafa gwiwa. Ba ta yi min faɗa ba, ba ta kuma lallashe ni ba. Bakin zanenta ta kwance ta zuba min ƙaro a tafin hannu.

Na tambaye ta ko dama ta sani. Ta ce ba ta san da kara a kwalba ba, da ba ta aika ba. Amma tun watan da ƙaronta ya fara ƙarewa da wuri ta san akwai mai irin ciwonta a gidan.

"Shekara ashirin da shida rabona da garin taba da kanwa, tun da na sauka daga Makka. Ke kin zaci don daɗinsa nake tsotsar wannan abin?"

Na kalle ta kamar yau na fara ganinta. Na ce, "Hajja, yana tafiya kuwa?"

"Ba ya tafiya, takwara. Tsufa yake yi tare da ke, har ya zo ba shi da ƙarfin ja maki zane."

Ta miƙe ta ce in tashi in wanke fuskata, angonta ba ya son mace mai kumburarren ido.

Yau Lahadi, bayan la'asar nake rubuta maku wannan. Fadilu ya koma Gidigir ɗazu, Hajja ta ɗora masa ƙullin kuɓewa kamar ba abin da ya faru. Baba ya wuce ta ƙofar ɗakina sau uku zuwa masallaci, na gaishe shi ya amsa, amma bai ce Uwata ba. Wannan ya fi komai yi min ciwo, kuma duk lokacin da ya yi min ciwo idona bakin taga yake komawa. Da can yana binne ina ɗora hannu a kan murfi. Yanzu ba murfi, ga shi a fili yana ƙamshin sandal, kuma a rumfa akwai garwashi.

Saura kwana ashirin. Ƙaron farko ya narke tun ina rubuta maku sunana a sama, wannan na huɗu ne a bakina. Karan yana nan yadda yake.